Fumfuna Ita Ce Maganin Fumfuna

Kowane manomi ya san fumfuna. In ya zuba gyaɗa a buhu ba ta gama bushewa ba, ko ya tara masara a ɗaki mai yoyo, bayan 'yan kwanaki sai ya buɗe ya tarar wani abu kore-kore kamar garin kuka ya lulluɓe tsabar, ga wari. Abin da a kan yi kuwa sananne ne. A shanya a rana, a murje, a sheƙe, a kai kasuwa. Wadda ta yi muni ƙwarai a watsa wa kaji, ko a sayar wa masu ƙuliƙuli da araha. Ba wanda ya ke ɗaukar abin da zafi, don a ganin mutane asarar ba ta wuce ta 'yan mudu ba. Ashe akwai magana a ciki, kuma ba ƙarama ba, gama ta shafi hantar mutum, ta shafi girman 'ya'yansa, ta kuma shafi aljihun ɗan kasuwa.

Talotalo ne suka tona asirin

A shekarar 1960 wata annoba ta faɗa wa masu kiwon talotalo a Ingila. Cikin 'yan watanni talotalo fiye da 100,000 suka mutu, 'yan agwagi ma ba su tsira ba. Likitocin dabbobi suka duba, ba su ga cutar da suka sani ba, har suka sa mata suna cutar X, watau cutar da ba a san kanta ba. Da aka bi sawu sai aka tarar tsuntsayen nan abinci ɗaya suka ci, tunkuzar gyaɗa da aka kawo a jirgin ruwa daga Barazil. Shekara ta zagayo masana suka gano cewa akwai dafi cikin tunkuzar, kuma wata irin fumfuna ce ta ke yin sa. Sunan fumfunar a bakin masana Aspergillus flavus, daga sunanta kuma aka ciro sunan dafin, aflatoksin.

Labarin nan bai yi wa Nijeriya daɗi ba, don a zamanin ita ce a sahun gaba wajen sayar da gyaɗa a duniya, dalar gyaɗa tana tsaye a Kano, Turai kuwa ita ce kasuwar. Nan da nan masu binciken aikin gona na Samaru suka duƙufa, suka yi ta gwaji a Mokwa da Kano. Abin da suka gano har yau yana nan daram. Gyaɗar da aka cire a kan lokaci aka busar da sauri, galibi lafiya lau ta ke. Wadda fartanya ta fasa, da wadda gara ta huda, da wadda aka bari a ƙasa bayan ruwa ya ɗauke har ganyenta ya mutu, da wadda aka tara da danshi, su ne gidan dafi.

Dafin nan ba shi da launi, ba shi da wari. Wanki ba ya fitar da shi, tafasa ba ta kashe shi, suyar ƙuliƙuli ma ba ta gamawa da shi. Tsaba tana iya zama fes a ido alhali kuwa tana ɗauke da shi. A kan ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. To, a nan dai bai sani ba.

In mutum ya ci da yawa a lokaci guda, hanta ta kan lalace cikin 'yan kwanaki, idanu su yi rawaya, ciki ya kumbura. Haka ta faru a gabashin Kenya a 2004, musamman a Makueni da Kitui, inda mutane suka girbe masara cikin ruwan sama suka ajiye ta da danshi. Mutum 317 aka lissafa sun kamu, 125 suka rasu. Amma irin wannan ba kullum ta ke faruwa ba. Abin da ya fi yawa shi ne ci kaɗan-kaɗan, yau a kunun gyaɗa, gobe a tuwon masara, shekara da shekaru. Wannan shi ke kawo sankarar hanta, balle ga wanda ya riga ya ke ɗauke da ciwon hanta irin na B, wanda ya ke da yawa a Afirka ta Yamma. A wani bincike da aka buga a 2002, an gwada jinin yara ƙanana kusan 480 a Benin da Togo, aka sami alamar dafin a jinin kashi 99 cikin 100, aka kuma ga yaran da suka tsumbure sun fi sauran yawan dafin a jiki. Saniyar da ta ci dusa mai dafi ta kan zubo shi a nono. Kaji kuwa su rage ƙwai, su ƙi girma, mai su yana ta zargin iska.

Daga gona ta ke farawa

Mutane da yawa suna tsammani a rumbu fumfuna ta ke kama hatsi. Gaskiyar magana tun daga gona ta ke biyo shi. Gidanta ƙasa ne, tana cin ruɓaɓɓen kara da ganye. Irinta ƙura ne wanda ido ba ya gani, iska da ƙwari su ke ɗaukarsa su kai kan masara sa'ad da ta yi goyo. Gyaɗa kuwa ba ta bukatar a kai mata, tun da 'ya'yanta a cikin ƙasar su ke kwance. In aka yi fari da zafi wajen ƙarshen damina, shuka ta galabaita, ɓawo ya tsage, sai fumfuna ta sami ƙofa. Rumbu mai danshi ƙarasa aikin kawai ya ke yi.

To, tun da a ƙasa abokiyar gaba ta ke, a can ya kamata a tare ta. Amma da me? Feshin magani bai yi wani tasiri a kanta ba, kuma ba mai iya wanke ƙasar gona duka.

Sai a tuna cewa ƙasar gona ba matacciya ba ce. Cikin cokali ɗaya na ƙasa mai kyau akwai ƙananan halittu miliyoyi, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. Kullum cikin kokawa su ke, wannan ya ci wancan, wancan ya ƙwace abincin wannan, wani ya zuba dafi don ya kori maƙwabcinsa. Masu cutar da shuka kaɗan ne daga cikinsu. Tun a 1932 wani masani mai suna Richard Weindling, a Kalifoniya ta Amurka, ya ga wata fumfuna da a ke kira Tirikodama tana nannaɗe wata fumfunar mai ruɓar da saiwa, tana kashe ta. Masu renon tumatir da barkono a fadama sun san cutar nan ko ba su san sunanta ba: dashe ya fito kyakkyawa, kwana biyu sai a ga gindinsa ya tsuke ya yi baƙi, ya kwanta. Yau a ƙasashe da yawa, Indiya musamman, ana sayar da garin Tirikodama a shagon kayan gona, a gauraya da iri ko da taki kafin shuka. Maganin tarin fuka na farko ma, sitiraftomaisin, daga wata halittar cikin ƙasa aka samo shi a 1943. Watau ɗaukar mazauna ƙasa haya su yi wa mutum yaƙi ba sabon abu ba ne.

Amma dabarar da aka yi wa mai aflatoksin ta fi wannan ban mamaki, don da 'yar'uwarta ta jini aka yaƙe ta.

Kama da wane ba ta wane

Da masana suka yi ta tara Aspergillus flavus daga gonaki dabam-dabam suna gwadawa, sai suka ga ba duka ta ke yin dafi ba. Dangi ɗaya ne, kama ɗaya, abinci ɗaya, amma wasu gidajen cikin dangin ba su iya yin dafin ko kaɗan, haka aka halicce su. Wani masani na Ma'aikatar Gona ta Amurka, Peter Cotty, ya ɗauki wannan ya yi aiki da shi a gonakin auduga na jihar Arizona, inda dafin ya ke ɓata angurya, shanun madara su ci ya fito a nono. Ya ce, in dai ba makawa sai fumfuna ta sauka a kan amfanin gona, to, a sa marar dafin ta riga zuwa. Ya shafa irin marar dafi a jikin ƙwayar alkama da aka kashe, aka watsa a gona. Ta tsiro, ta yaɗu, ta cika wurin, mai dafi ta zo ta tarar ba masauki. A 2003 hukumar Amurka ta yi wa wannan magani rajista da sunan AF36.

Ga yadda abin ya ke. A ɗauka kasuwa ce mai rumfa ɗari, kullum ɓarayi su ke sammako su kama rumfunan. Ran nan sai mai gari ya sa mutanen kirki tamanin ko casa'in suka kwana a ciki. Ba a kama ɓarawo ko ɗaya ba, ba a doki kowa ba, amma gari ya waye ba su da wurin zama sai 'yan rumfunan gefe. Yawan fumfunar da ke kan hatsi bai ƙaru ba, masu zaman ne aka sauya.

Da ɗan gari a kan ci gari

Cibiyar binciken aikin gona ta ƙasashe masu zafi da ke Badun, wadda a ke kira IITA, ita ta kawo dabarar nan Nijeriya, tare da Ma'aikatar Gona ta Amurka da wasu jami'o'i. Ranajit Bandyopadhyay ne ya daɗe yana jagorancin aikin. Ba su ɗauko fumfunar Arizona ba. Baƙuwa ba lalle ta jure zafin nan da ƙasar nan ba, kuma ba hikima ba ce a saki abin da ba a san halinsa ba a gonar mutane. Sai suka bi gonakin masara na Nijeriya suna ɗibar tsaba da ƙasa, suka ware fumfuna fiye da 4,000, suka yi ta tankaɗe da rairaya. Ana neman wadda ba ta yin dafi, danginta na kusa ma ba su yi, ga ta kuma da ƙarfin ture mai dafi, ta kuma saba da wurare da yawa. Daga ƙarshe guda 4 suka rage. An gwada su a Badun da Ikenne da Mokwa da Zariya a 2007 da 2008, sa'an nan aka fita gonakin manoma. Hukumar NAFDAC ta ba da cikakkiyar rajista a 2014, sunan maganin Aflasafe. Sauran ƙasashe kowacce da nata, daga ƙasarta aka ɗebo: Kenya da Senegal da Burkina Faso da Gana duk sun samu.

Wanda ya buɗe jakar Aflasafe zai ga dawa ce shuɗiya. Dawa ce kuwa ta gaske, an gasa ta har ta mutu don kada ta tsiro a gonar mutum, aka shafe ta da ƙurar irin fumfuna huɗun nan, aka rina ta da shuɗi don kada wani ya kai ta injin niƙa. Dawar guzuri ce. In ta faɗi a ƙasa mai laima, cikin 'yan kwanaki sai a ga ta yi kore, fumfunar ta farka tana cin guzurinta tana fitar da sabon iri, iska da ƙwari suna rarrabawa.

Yadda a ke watsawa

Kilo 10 a ke watsa wa hekta ɗaya, watau wajen kilo 4 ga eka. Da hannu a ke watsawa, kamar yadda a ke watsa takin zamani, a bi kunya-kunya don ko'ina ya samu. Sau ɗaya ne a damina.

Lokaci shi ne kan maganar. Ga masara, mako 2 zuwa 3 kafin ta fitar da kai. Dalili kuwa, so a ke marar dafi ta riga ta yi yawa a gona kafin goyo ya fito. In aka makara har masara ta yi gemu, mai dafi ta riga ta shiga, kuɗi sun tafi a banza. Iri ya bambanta, akwai mai saurin nuna akwai mai nauyi, saboda haka manomi ya lissafa kwanakin irinsa, ya duba abin da aka rubuta a jikin jaka, gyaɗa ma da nata lokacin a rubuce, ko ya tambayi malamin gona.

Sai a gama duk aikin da zai motsa ƙasa tukuna. Noma, da zuba taki, da huɗa, duk a kammala, sa'an nan a watsa. A nan ne mutane su kan yi kuskure, don manomi ya saba in ya zuba abu mai tsada a gona sai ya rufe shi da ƙasa kada ya lalace. Wannan kuwa in aka binne shi an kashe aikinsa, gama a sarari ya ke fitar da iri iska ta ɗauka. A watsa bayan an yi ruwa ƙasa tana da laima, ko sa'ad da a ke sa ran ruwa. In ƙasa ta bushe ƙayau, dawar za ta zauna jiran ruwa, kafin nan kuwa tururuwa da tsuntsaye suna ɗiba. Kada kuma a bi bayansa da feshin maganin fumfuna, don maganin bai san ta kirki da ta banza ba. Jakar da ba a buɗe ba a ajiye ta a inuwa, wuri busasshe. Abu ne mai rai, zafin rana da danshi suna ɓata shi.

Gwaje-gwajen da aka yi shekara goma a gonakin manoman masara da gyaɗa a Nijeriya, waɗanda aka buga sakamakonsu a 2019, sun nuna dafin ya kan ragu da fiye da kashi 80 cikin 100 in aka gwada da gonar da ba a watsa wa ba. Wani abin daɗi kuma, tsaron ba ya ƙarewa ran girbi. Marar dafin tana bin hatsi har cikin buhu, in danshi ya taɓa shi a ajiya ita ce za ta fi tashi. Ta kan kuma tsallaka gonar maƙwabci, ta kan yi saura a ƙasa har damina mai zuwa, ko da ya ke ƙarfinta yana raguwa, shi ya sa a ke son a maimaita. Manoman da gonakinsu ke haɗe in suka watsa tare sun fi wanda ya yi shi kaɗai cin riba.

Abin da ba ya yi

Aflasafe ba taki ba ne. Wanda ya saba samun buhu ashirin, ashirin ɗin zai samu. Ba ya kashe tsutsa, ba ya hana gara, ba ya maganin kuturtar gyaɗa. Akwai kuma wata fumfunar dabam, Fusariyam, mai ruɓar da masara tana zuba nata dafin, wannan ba ruwansa da ita. Kuma bai ɗauke wa kowa aikin da Samaru ta faɗa tun shekara sittin da suka wuce ba: a cire gyaɗa da zarar ta nuna, a busar da sauri a kan tabarma ko leda ko daɓe, ba a kan turɓaya ba, a tsince fasassu da masu baƙi, a ɗora buhu a kan katako nesa da bango.

Ga kuma inda gizo ke saƙar. Manomi ya kashe kuɗi ya sayi magani, ya biya mai watsawa, ya kai masararsa kasuwar ƙauye. Mai awo ya damƙa, ya tauna ƙwaya ɗaya, ya faɗi farashi, farashin nan kuwa daidai da na maƙwabcinsa wanda bai watsa kome ba. Wane ne zai sake saye baɗi? Wannan ita ce babbar matsalar maganin, ta fi duk wata matsalar ɗakin bincike. An gwada warware ta tsakanin 2013 da 2019 da wani shiri mai suna AgResults, inda a ke biyan lada ga masu tara masara daga ƙananan manoma in an gwada an tarar an yi amfani da Aflasafe. A nan aka ga cewa masu yin abincin kaji da kamfanonin abinci su kan yarda su ƙara kuɗi a kan masara mai tsabta, don su suna ganin bambancin a jikin kajinsu da a littafin akawunsu. Manomin da ya sami riba shi ne wanda ke cikin ƙungiya, aka tara amfaninsu wuri ɗaya, aka gwada, aka kai wa mai saye wanda ya san darajar abin.

'Yan kasuwa masu son fitar da kaya waje su ma su san lissafin. Ƙasashen Tarayyar Turai ba su karɓar gyaɗar ci in dafin ya wuce kashi 4 cikin biliyan, Amurka kuwa ta tsaya a 20. Kashi 4 cikin biliyan shi ne giram 4 cikin buhu 10,000 masu kilo 100. 'Yan tsabar da ba su cika tafin hannu ba suna iya jawo a mayar da kaya daga bakin teku, bayan an biya mota, an biya jirgi. Dafin kuma ba ya bazuwa daidai cikin kaya, ya kan taru a 'yan ƙwayoyi kaɗan. Saboda haka akawun da ke ɗibar samfuri kada ya soki buhu ɗaya na bakin ƙofa ya ce ya gama. Ya ɗiba daga buhuna da yawa, sama da ƙasa da tsakiya, a gauraya a niƙa, sa'an nan a gwada. Yanzu akwai 'yan na'urorin gwaji da a ke ɗauka a jaka, su ba da amsa cikin ƙasa da sa'a guda.

Saura maganar tsintuwa. In aka tsince gyaɗa mai kyau aka kai kasuwa, ina ta banzar ta ke zuwa? Sau da yawa gida ta ke komawa. Ita a ke daka wa yara kunu, ita a ke sayar wa mai tuyar ƙuliƙuli, ita a ke ba kaji da awaki. Ke nan an tace dafin buhu goma an zuba a tukunya ɗaya, an miƙa wa waɗanda suka fi kowa rauni. Mai gida da ba shi da kuɗin watsa wa gonarsa duka, gara ya fara da ɓangaren da zai ajiye don ci, kilo 4 ya ishi eka guda. Tsabar da ta yi baƙi ko kore, da wadda ta yanƙwane, da mai ɗaci a baki, a haƙa rami mai zurfi nesa da gona a binne, ko a ƙone.